Mai Tare Iska

"Baba, me ka ce musu?"

Zalissa ce tsaye a ƙofar rumfar gyaran kekuna, tire a hannunta. Zom-kom, ruwan geron da ta dama wa baƙi tun safe, ko rabi ba su sha ba. Kawunnan Lasina da suka taso tun daga Toma don nema masa aurenta har sun kai bakin titi, ba su waiwayo ba.

Tsoho Tinga bai ɗago kai ba. Sarƙar keke yake gogewa.

"Na ce su gaida gida."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Baba... shi nake so!"

"Na ji. Da me zai ciyar da ke? Da iska?"

Ta dire tiren da ƙarfi har kofi ya kife.

Duk Koudougou an san Tinga da ƙungiyarsa ta tseren keke. Ba kamfanin da ke ɗaukar nauyinsu. Kowa da aikinsa, su yi atisaye da asuba, su watse neman abinci. Tasere, yayan Zalissa, shi ne jagora, shi ake yi wa aiki ya ci. Lasina kuwa bulo yake bugawa, kuma tun da ya shigo ƙungiyar aikinsa ɗaya ne, tare iska. Shi zai shiga gaba ya sha ta a ƙirji, Tasere ya laɓe a bayansa ya adana ƙarfi. Shi zai koma baya ya ɗauko ruwa. In tayar Tasere ta sace, shi zai sauka ya ba da tasa. Ranar da aka ɗaga Tasere sama, Lasina yana gindin bishiya yana amai. Haka aikin yake, ba wanda ya taɓa cewa zalunci ne.

Sai ga Lasinan ya shigo yana tura kekensa, siminti har a gira.

"Tsohon bawana, an ce ka kori iyayen gijinka."

"Ka ji ɗan Samo. Yaushe mai cin kare ya zama ubangijin wani?"

"Tun ranar da kakana ya sayi kakanka da ƙwaryar wake."

Tsakanin Mossi, ƙabilar Tinga, da Samo, ƙabilar Lasina, akwai wasa, ba a fushi da irin wannan. Amma yau ba wanda ya yi dariya. Lasina ya jingine keken, ya durƙusa.

"Ban da wasa. Me zan yi ka ba ni ita?"

Tinga ya ajiye sarƙar.

"Ban taɓa ganin ka tsallake layi a gaba ba."

"Ba ka taɓa bari na ba."

"Ran Lahadi akwai tseren hanyar Sabou. Mutumin Ouaga zai zo, mai nema wa babbar ƙungiya 'yan tsere. Wanda ya ci, ƙungiyarsu za ta ɗauke shi, da albashi, da keke sabo. Ka ci, ka turo kawunnanka. Ba ka ci ba, kada in ƙara jin maganar."

"Ni kaɗai zan yi?"

Tinga ya juya wajen ɗansa da ke zaune a kan benci yana cin wake.

"Tasere, ran Lahadi kai za ka tare masa iska."

Cokali ya tsaya a hannun Tasere. Ya haura shekara talatin. Shekara da shekaru yana jiran mutumin Ouaga.

"Ni, Baba?"

"Da wani Tasere a nan?"

Tasere ya haɗiye abin da ke bakinsa. Ya yi murmushi.

"To. Ai suruki ne."

Ran Asabar da la'asar Lasina ya sami Zalissa a bayan rumfa tana wanke gorunan ruwa. Ita ce mai hawa bayan babur ɗin Tinga duk ranar tsere, da ruwa da ƙafar keke ta ko-ta-kwana.

"Zalina..." Shi kaɗai ke kiran ta da wannan suna.

"Kada ka Zalina ni. Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya kake. Kalli wuyanka, kamar na zabo."

Ya yi dariya ya tsuguna kusa da ita. Ta ci gaba da wanki ba ta kalle shi ba.

"Lasina, tsoro nake ji."

"Na me? Kin san ƙafata. Duk tudun da ke hanyar nan ni nake jan yayanki a kai."

"Ba ƙafarka nake tsoro ba. Halinka."

"Halina kuma?"

"Ba ka iya cewa a'a ba. Gobe kada ka kalli kowa. Ko wa ya faɗi, ko wa ya kira ka. Ka ji ni?"

"Na ji, ranki ya daɗe."

"Ka rantse."

"Na rantse, hasken idona. Gobe ni kurma ne."

Ta watsa masa ruwa a fuska. Sai kuma ta sa bakin zani ta goge masa, hannunta ya daɗe a kumatunsa.

"In ka faɗi, ban san yadda zan yi ba..."

"Ba zan faɗi ba."

Ran Lahadi rana ta fito da zafinta. 'Yan Bobo sun zo, 'yan Ouahigouya sun zo, wasu da kekuna masu sheƙi, namu da tsofaffin da aka sha yi wa walda. Aka busa usur, suka zuba.

Zuwa Sabou ba abin da ya faru. A dawowa ne, kan tudu, Tasere ya miƙe a kan feda ya ɓalle daga ayari, Lasina manne da bayansa. Ba wanda ya iya bin su. Tasere ya yi aikin da aka sa shi, ya sunkuya ya sha iska. Lasina a bayansa ya ji abin da bai taɓa ji ba, keke yana tafiya kamar ana jan sa da igiya. Ashe haka Tasere yake ji duk shekarun nan.

Tazarar ba ta da yawa, don haka alƙalai suka hana baburan ƙungiyoyi wucewa. Tinga da Zalissa suna can bayan ayari, ba sa ganin komai sai bayan mutane. Wani mai babur ya dawo yana ihu.

"'Yan Tinga biyu ne a gaba! Su kaɗai!"

Zalissa ta ƙanƙame rigar ubanta.

"Baba, ka ji? Baba!"

"Riƙe ƙafar nan da kyau, kada ki yar."

Aka fara hango rufin gidajen gari. Sai ayari ya ɗan dare gida biyu kamar yana kauce wa wani abu a gefen kwalta, ya wuce. Zalissa ta leƙa ta kafaɗar Tinga.

Lasina ne tsaye. Yana riƙe da kekensa, ba ƙafar gaba. Wata ƙafar tana kwance a ƙasa kusa da shi.

Ba ta jira babur ya gama tsayawa ba, ta diro.

"Me ya faru? Lasina! Me ya faru?"

"Tayar Tasere ce..."

"Tayar Tasere ta yi me?"

"Ya ɗaga hannu, ya ce Samo, ƙafa! Sai na..."

Ya kalli hannayensa kamar na wani ne.

"Wallahi Zalina ban san lokacin da na taka birki ba. Kafin in tuna, na ɓalle tawa na sa masa, na tura shi."

"Ka tura shi?"

"Haka ake yi..."

Ta sunkuya ta ɗauki ƙafar da Tasere ya bari, don ta rataye a babur. Babban yatsanta ya danna tayar. Ta sake dannawa. Ta danna da hannu biyu.

Tauri kamar dutse.

"Lasina... ka taɓa ta?"

"Me?"

"Tayar nan! Ka taɓa ta kafin ka ba da taka?"

Ya miƙa hannu a hankali ya danna. Ashe ba ta sace ba. Lafiyayyar ƙafa tana kwance a gabansa, ya tsaya yana kallo ayari duka ya wuce shi.

Tinga ya karɓa, shi ma ya danna. Fuskarsa ba ta motsa ba.

"Sa masa ita. Ya ƙarasa tseren."

Zalissa ta sa masa tana kuka, ta tura shi da duk ƙarfinta. Ya tafi. Amma mun san tsere. Mutum ɗaya ba ya kamo ayari a bakin gari. Lokacin da ya iso layi, Tasere yana kan kafaɗun mutane, mutumin Ouaga yana riƙe da hannunsa.

A gida Tinga ya ajiye ƙafar a gaban ɗansa.

"Taɓa."

Tasere bai taɓa ba.

"Na ji kamar ta sace ne, Baba."

"Maƙaryaci!" Zalissa ta yi kansa, uwarta ta riƙe ta. "Yaya, ka ji tsoron Allah! Shekara nawa yana shan iska dominka? Rana ɗaya! Rana ɗaya tak ya roƙa!"

"Ni ma rana ɗayar ce ta rage mini," in ji Tasere, idonsa a ƙasa. "Shi yaro ne. Zai samu wata."

"Ni fa? Zai samu wata ni?"

Ta zube a gaban Tinga ta kama ƙafafunsa.

"Baba, mutumin Ouaga bai bar gari ba. Ka je ka gaya masa. Kai za ka faɗa ya yarda."

"In ce masa me? Ɗan da na haifa mayaudari ne?"

"Gaskiya ce ai!"

"Gaskiya ce. Tsakanina da shi ne, kuma ba zai ƙara sa rigata ba. Amma ba zan kai sunan gidana kasuwa ba."

"To ka ba Lasina ni. Ka ga ai shi ne zai ci."

"Bai ci ba."

"Cutarsa aka yi!"

"Ba wanda ya danne shi ya ƙwace. Da ƙafarsa ya sauka. Na ba shi rana, ya miƙa wa wani ko dubawa bai yi ba. Gobe abincinki zai miƙa."

"Kai ka koya masa! Kai ka ce in Yaya ya ɗaga hannu kada ya yi tunani!"

Tinga ya kau da kai. Ya janye ƙafafunsa.

"Na riga na yi magana."

Washegari Lasina ya zo rumfa da rigar ƙungiya a ninke, wankakkiya. Ya ajiye a kan benci.

"Baba, ga rigarka. Na gode."

Tinga ya ɗago. Tun da ya san yaron bai taɓa kiran sa Baba ba.

"Kai Samo, bawa yana ajiye aiki ba izinin ubangijinsa?"

Lasina bai rama ba. Ya ɗan rusuna, ya fita. Tsohon ya bi shi da ido, sarƙa a hannu, har ya sha kwana.

Mai buga bulo a garin nan ba ya tara abin aure, kuma ba ƙungiyar da za ta ɗauki wanda gari duka ke yi wa dariya. Yara har sun fara, in ya wuce sai su ɗaga hannu su ce, "Samo, ƙafa!" Wani ɗan'uwansa yana gonar koko a ƙasar Kwaddebuwa. Shi ya aiko ya ce Lasina ya zo.

Zalissa ta same shi a tashar jirgin ƙasa, jakarsa a kafaɗa. Ta zo da gudu, ɗankwali a hannu.

"Haka za ka tafi? Ko sallama?"

"Ban iya kallon idonki ba ne."

"To kalle ni yanzu."

Ya kalle ta. Ta rame cikin 'yan kwanakin nan.

"Ka tafi da ni."

"In kai ki ina? Ɗakin da mutum shida ke kwana?"

"Ko ina ne!"

"In sace 'yar Tinga, in ƙara masa gaskiya a kaina? A'a, Zalina."

"Yau ka iya cewa a'a..."

Ya runtse ido.

"Zan jira ka," ta ce. "Shekara nawa ne? Faɗa mini, zan jira."

"Kada ki jira. Waɗanda suka tafi kafin ni, wa kika ga ya dawo da wani abu?"

Jirgi ya yi kuka. Mutane suka fara turereniya da buhuna da kaji. Ya juya, ta riƙe igiyar jakarsa.

"Lasina, ka tsaya. Masoyina, ka tsaya! Yaya ya kira ka sau ɗaya ka tsaya masa. Ni ga ni ina kiranka..."

Ya sa hannu ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar kada su karye.

"Ki yafe mini. Na rantse miki, ban cika ba."

Ya shiga. Ta bi taragon tana leƙa tagogi, ba ta gan shi ba, don ya zauna a ɗaya gefen. Ta yi ta kiran sunansa har dakalin tashar ya ƙare.

Wata mai sayar da ayaba ce ta ɗaga ta daga ƙasa, ta kaɗe mata zani, ta ɗaura mata ɗankwalin.

"'Yar wa ce ke, in kai ki gida?"

Zalissa ta buɗe baki, ta kasa faɗin sunan ubanta.