Lodin da Barau Ya Samo

Ku matso kusa. Kar wanda ya yi dariya, mai labarin nan yana nan da ransa.

Nomau sunansa, direban babbar mota. Shi da amininsa Barau suka haɗa ƙarfi suka sayi motoci biyu, suna kwasar albasa daga ƙauyukan fadama zuwa Kudu. Wasu direbobin sai su yi sati a tasha ba lodi, su kuwa kullum a cike. Nomau ya ɗauka iya bakin Barau ne.

Wata Laraba Barau ya ce, "Akwai kaya a bayan Rafin Gawo. Kai kaɗai za ka. Mai kayan ba ya son taro."

Da rana tsaka Nomau ya isa. Fili fetal, buhuna jibge a gindin tsamiya. Ba ɗan dako ko ɗaya. Ba ƙuda. Ko warin albasa babu.

Wani tsoho ya ɓullo daga bayan buhunan. Nomau ya rusuna.

"Sannu, Baba. Ina masu lodi?"

"An gama."

Ya waiwaya. Mota cike maƙil, har an ɗaure tamfol. Shi kuwa bai ji motsi ba. Ya sunkuyar da kai, sai idonsa ya sauka a ƙafafun tsohon. Kofato.

"Shekara bakwai muna cika muku mota," in ji tsohon, muryarsa kamar daga cikin rijiya. "Barau ya yi mana alkawarin direba. Wanda ba zai koma gida ba."

Ba tsoro ne ya fara kama Nomau ba. Safiyar ranar ya tuno: Barau ya rako shi har bakin mota, ya dafa kafaɗarsa, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Mutumin da ya yi wa takwara da ɗansa na fari.

"Bai gaya maka ba?"

"Bai gaya mini ba, Baba."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. "Ba ma karɓar wanda bai sani ba." Ya miƙo masa albasa guda, sanyi ƙalau kamar ƙanƙara. "Ka danƙa masa hannu da hannu. Kar ka dubi madubi."

Bai duba ba. Da ya shigo tasha, motar wayam take. Barau yana hango shi kwanon fura ya suɓuce masa.

"Me na yi maka, Barau?"

"Nomau, ka rufa mini asiri. Ina da 'ya'ya."

"Ni ba ni da su?"

Nomau ya kamo hannun Barau, ya buɗe, ya sa masa albasar. Yana kuka ya yi hakan.

Bayan kwana uku aka tsinci motar Barau a hanyar Rafin Gawo, inji na aiki, ƙofa a buɗe, ba kowa.

Nomau bai sake yin abokin sana'a ba. Ku kuma, ko wa ya aike ku hanyar nan, ko ciki ɗaya kuka fito, kar ku bi ta ku kaɗai.