Wadda Ta Ƙwanƙwasa Ƙofa

Bayan babban kantin bakin gari suka haɗu, wajen da ake tara shara, bayan ma'aikata sun kulle sun watse. Su uku ne a gaban a-kori-kura. Dutchy na kan sitiyari, Travis na gefe, Glenys uwar Travis tana matse a tsakiya da jakarta a cinya.

Ita ce idonsu. Motocin kwana, irin masu ɗaki a ciki, guda bakwai ne suka sauka a filin kantin ran nan, kuma ta sha shayi da masu kowace. Da la'asar, in tsofaffin matafiya suka fito da kujerunsu suka kewaye a inuwar motoci, sai ta jawo tata ta zauna da farantin biskit. Wa zai zargi tsohuwa 'yar sittin da huɗu mai ciwon gwiwa? Kafin rana ta faɗi ta san wanda ya sayar da gidansa ya fito yawo, ta san mai ɓoye kuɗi a firji, ta san mai kare. Tun da haya ta fi ƙarfinta ta koma kwanan mota, kuma Travis ya fito daga kurkuku da wannan Dutchy manne da shi, abin da take yi ke nan. Ta nuna, ta bar gari kafin dare, su kuma su yi sauran.

Ta lissafa musu biyu: shuɗiyar da ke kusa da fitila, da doguwar motar ma'auratan nan 'yan birnin Adelaide. Ta tsaya a nan.

"Farar can ta ƙarshe fa?" in ji Dutchy. "Mai sola shida a rufi."

"Ba komai a ciki."

"Sola shida, ba komai a ciki? Tsohuwa, dalla kar ki raina mana hankali."

Dole ta faɗa. Motar Merv da matarsa Raelene ce. Huhun Merv ya lalace a ramin haƙar ma'adinai, da dare inji ne ke ba shi iska, injin kuma babban batirin da ke ƙarƙashin gadonsu yake sha. A cire batirin nan, an cire mutumin. Likita ya ce masa ya zauna gida, shi kuwa ya ce sai ya ga tekun arewa kafin ya mutu. Abin da Glenys ba ta faɗa ba shi ne, da yamman nan Raelene ta durƙusa a kan kwalta ta shafa mata man zafi a gwiwa da hannunta. Shekara nawa rabon da wani ya taɓa ta da tausayi, ita ma ba ta sani ba.

Dutchy ya yi dariya, ya ce batirin nan kaɗai ya fi duk tarkacen sauran tsada. Travis ya ce a bar shi kawai, biyun sun isa. Dutchy ya ɗaga kafaɗa ya ce an bari. Glenys ta dubi ɗanta. Ta san shi sarai. Tun yana yaro bai taɓa iya tsayawa kan "a'a" ba in wanda ya fi shi baki na kusa.

Sannan Dutchy ya fito da sabon tsari. Yau ba za ta tafi ba. Ya gaji da fasa ƙofa, ƙara ta yi yawa. Ita za ta ƙwanƙwasa. Duk wanda ya taɓa kwana a irin filin nan ya san ba a ƙin buɗe wa maƙwabci ƙofa da dare, balle tsohuwa mai neman taimako. Za su tsaya bayanta da fuska a rufe, kowa ya ɗauka tilasta mata aka yi, in sun gama su ɗaure ta kamar sauran su bar ta. Tir da wannan kai, wanda ya kalli abu mafi kyau da matafiya ke da shi ya ga makulli.

Ƙarfe biyu da rabi suka shiga.

Shuɗiyar mota. Ƙwanƙwasa uku. Mutumin ya buɗe da gajeren wando, ya ga bakin bindiga a kan kafaɗar Glenys, ya ɗaga hannu. Kuɗi, waya, makulli. Suka ɗaure shi da igiyar roba, suka manne masa baki. Minti huɗu.

'Yan Adelaide. Matar ta so yin ihu, Dutchy ya kwaɗa wa mijin gindin bindiga a goshi, ta haɗiye. Zobba, waya, kuɗin da ke cikin firji. Minti shida.

Glenys ta juya wajen tata motar, tana jiran a ɗaure ta. Sai ta ji ƙarfe a haƙarƙarinta.

"Saura ɗaya," in ji Dutchy.

"Kun ce an bari."

"Shi ya ce. Wuce."

Ta dubi Travis. Ido kawai ake gani a cikin hular da ta rufe masa fuska, idon kuma ƙasa yake kallo. Ta taka zuwa farar motar. Ta ɗaga hannu da niyyar ta taɓa a hankali yadda ba za a ji ba. Ba ta ma kai ga taɓawa ba, ƙofa ta buɗe. Raelene ba ta barci sosai saboda Merv, ta ji taku ta leƙa ta labule.

"Glenys? Gwiwar ce? Shigo mana, 'yar'uwa."

Dutchy ya ture su biyun ciki. Merv na kwance da roba a hanci, injin na huci a gefensa. Dutchy ya janyo shi ƙasa kamar buhu, ya ɗage katifa, ya sa almakashi a wayoyi. Fitila ta ɗauke. Injin ya yi ƙara sau uku, ya tsaya.

Raelene ba ta yi ihu ba. A cikin duhu ta roƙe su, muryarta a ƙasa. Ta ce su ɗauki motar gaba ɗaya gobe, su ɗauki zobenta, su bar batirin. Ta ce ƙaramar tukunyar iskar da ta rage musu ba za ta kai awa ɗaya ba. Travis ya laluba ya jona wa Merv tukunyar, wai shi nan ya yi abin kirki. Sannan ya ɗaure Raelene, ya manne mata baki, ya kwashe wayoyinsu. Ba za a buɗe kanti ba sai shida.

A waje Dutchy ya haska fuskar Glenys da tocila, ya daɗe yana kallo. Ya ce wannan in aka bar ta, da haƙori za ta kwance su. Ya jefa ta a mota.

Suka ɗauki hanyar yamma, ba fitila sai da suka fita gari. Glenys na kallon agogon mota. Uku saura minti biyar. Uku da kwata. Tana jin sautin numfashin Merv a kunnenta, har da wannan ɗan fito da yake yi. Ta tsani Dutchy, ta ji kunyar Travis, amma kanta ta fi tsana, don ita Raelene ta gani ta buɗe.

Kilomita arba'in daga gari akwai tsohon ramin tsakuwa inda suka ɓoye mota ta biyu. Mazan suka fita kwashe kaya. Batirin ya yi nauyi, sai da suka kama su biyu. Glenys ta rage ita kaɗai, da oba-obar da suke sauraren direbobin tirela da ita don sanin inda 'yan sanda suke. Can nesa a kan titi ta hango fitilun wata doguwar tirela.

Ta san abin da zai biyo baya. Hanya ɗaya ce tak a wannan ƙasa, gaba ko baya. Duk wanda ya ji maganar Merv ya ji inda Travis yake. Ta ɗauki abin maganar ta danna.

Ta ce akwai tsoho yana mutuwa a farar motar kwana a filin kantin, an ɗaure matarsa, an cire masa iska, a kira asibiti yanzu. Ta saki. Sai muryar direba ta fashe cikin motar, da ƙarfi, har ramin ya amsa.

"Na ji ki, Mama. Ina kira yanzun nan. Ke kina ina?"

Dutchy ya saki batirin. Taku huɗu ya iso. Ya fizgo ta waje da gashi, ta faɗi kan tsakuwa. Ya ɗaga bindiga.

"Kai, uwata ce!"

"Ta sayar da mu, sakarai — matsa!"

Karo ɗaya a rayuwarsa Travis bai matsa ba. Ya kama bakin bindigar. Suka yi kokawa, ƙafa na zamewa — sai ƙara! Tsuntsaye suka tashi daga bishiyoyi. Travis ya zauna a ƙasa kamar wanda ya gaji. Dutchy ya tsaya daƙiƙa biyu, ya ruga mota ta biyu, ya bar batirin a nan inda ya faɗi.

A gari, wayar 'yar sanda Saje Bartlett ta tashe ta ƙarfe uku da minti ashirin da biyar. Ta tura motar asibiti filin kanti, ta shiga oba-oba ta roƙi direbobi taimako. Ba ta roƙa sau biyu ba. Dutchy ya iso gadar rafin da ke gaba ya tarar da tirelar shanu a gicciye, ya juya ya ga wata ta toshe baya. Ya tsallaka daji da ƙafa. Da hantsi aka tsinto shi, ƙaya ta yayyage shi, yana roƙon ruwa.

Gari na wayewa Saje Bartlett ta iso ramin tsakuwa. Ta tarar da tsohuwa zaune, ta danna rigar sanyinta a kan raunin da ke cikin wani saurayi da ya riga ya yi sanyi. Hular na gefe. Saje ta taɓa wuyansa, ta girgiza kai, ta lulluɓa wa Glenys bargo.

Ta yi mata magana a hankali. Ta ce Merv na raye, da ƙyar, an same shi leɓɓansa sun yi baƙi, jirgi zai ɗauke shi. Ta ce da aka ɓare wa Raelene baki, abin da ta fara faɗa shi ne ɓarayin sun tafi da maƙwabciyarsu, a ceto ta. Duk filin suna tambayar lafiyarta. Ta ce ba kowa ne zai tsaya ya toshe raunin wanda ya sace shi ba.

"Tambaya ɗaya, Mama, sai in kai ki asibiti. Kin taɓa ganin wannan kafin daren jiya?"

Glenys ta gane: sun ɗauka sace ta aka yi. Ba wanda ya sani sai Dutchy, wa kuma zai yarda da Dutchy? Kalma ɗaya ce, ta koma motarta, Raelene ta rungume ta. Ta dubi fuskar da ke cinyarta. Ƙasa ta shiga masa gira, ta sa yatsa ta share.

"Sunansa Travis," ta ce. "Ni na haife shi. Ni na nuna musu motocin."

Saje ta daɗe a tsugune. Sannan ta miƙe, ta ciro ankwa, ta dubi hannayen nan masu jini, ta mayar da ita aljihu.

Dutchy ya samu shekara ashirin da biyar. Glenys ta samu shida. Merv ya rayu wata huɗu a gadon asibiti, bai kai teku ba. Raelene ta sayar da motar, ba ta zo kotu ko sau ɗaya ba. An binne Travis wata Laraba, uwarsa na tsare, ba wanda ya je.