Fayafan da Haulatu Ta Zubar

Ana gab da kiran magariba Haulatu ta zura hijabi, ta naɗe buhu a hammata, ta sulale ta ƙofar baya. Ba ta gaya wa mijinta Mansur inda za ta ba. Da wane baki za ta faɗa? Matar malamin makaranta guda, ta kama hanyar juji kamar mai neman kazar da ta ɓata.

Abin da take nema kuwa ita ta zubar da shi da hannunta.

Lokacin da aka kawo ta Daura daga ƙauyensu na wajen Baure, uwarta Kulu ta haɗo ta da fayafan jere, ɗinkin hannunta. Tun Haulatu tana ƙarama matar take ɗinka su a ƙarƙashin rumfa, da kaba da basilla, tana rina jan da karan dafi. Haulatu 'yar fari ce, Kulu kuwa mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke" take ce mata, in a bayan ido ne ta ce "yarinyar nan." Ko ranar da za a tafi da ita ba ta yi hawaye a gaban kowa ba. Fayafan kawai ta turo gabanta, ta kau da kai. Duk abin da bakinta ya kasa faɗa yana cikinsu, Haulatu kuma ta san da haka sarai.

A shekarun nan ne aka kawo shari'a, wa'azi ya yi zafi a kan hotuna. Gida-gida aka yi ta sauke hoton biki da kalandar 'yan wasa, kasuwa ta cika da firam masu ruwan zinare: Ka'aba, Ayatul Kursiyyu, agogo mai kiran salla. A faɗi gaskiya, babu malamin da ya ce a sauke faifai. Murjanatu ce ta ce, ita ma ba da fatawa ba, da dariya. Ƙawar Haulatu ce a Islamiyya, 'yar cikin gari, irin matan nan da idonsu ke riga sallamarsu shiga ɗaki.

"Haulatu, wannan fa? Gidan tarihi kika buɗe mana? Wa ya ɗinka miki?"

"Wata tsohuwa ce a garinmu," in ji Haulatu, ita ma tana dariya.

A ranar ta sauke su. Ta jira almuru don kada maƙwabta su gani, ta je jujin bayan unguwa ta juye buhun, ta juyo da sauri. Ko bisimilla ba ta yi ba. Kowane yaro ya san ba a zubar da abu a juji da almuru, in kuwa ya zama dole ba a yin shiru a zubar, domin wurin yana da masu shi. Ta san wannan, gudun abin kunya ne ya mantar da ita. Ta sayo firam ta jera, ɗaki ya ɗauki ƙyalli, Murjanatu ta yaba.

Sai ga shi yau Mansur ya dawo da saƙo daga direban motar Baure: Inna Kulu tana tafe gobe, zuwanta na farko, za ta ga ɗakin 'yarta. Haulatu ta san yadda za a yi. Inna za ta ɗaga kai ta dubi bango, ta sunkuyar, ba za ta ce uffan ba. Wannan shirun ne ya fito da ita.

Hanyar ta bi ta bayan gidaje, ta gefen kududdufi. Hayaƙin kara yana tashi ta saman katangu, da ƙamshin daddawa. Wani ladani yana hura lasifika. Ɗan acaɓa ya wuce ta da gudu, ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa, ta ɓace. Daga nan ba ta ƙara gamuwa da kowa ba.

Jujin yana gindin wata tsamiya. Warin toka, warin ruɓa, ledoji suna kaɗawa a jikin ƙaya. Ta sami kara ta fara tono, tana waige-waige. Fasasshiyar tukunya ta gani, da takalmi ƙafa ɗaya, da gwangwani. Babu faifai ko ɗaya.

Kwaɗin kududdufi suka yi shiru gaba ɗaya.

Sai wari ya canza. Turaren wuta, mai kyau, irin na ɗakin amarya.

"Me kike nema, amarya?"

Murya ce ta mace, ƙasa-ƙasa. Tana tsaye a jikin tsamiyar, lulluɓe da zanen saƙi wanda aka daina yayi tun zamanin kakanni. Ba a ganin fuskarta, sai haɓa. A bayanta akwai ɗakin ƙasa da asabari a ƙofa. Haulatu ta zo nan kwanan baya, babu ɗaki a wurin.

"Ba komai, Baba," ta ce.

"Shigo ki ga ɗaki. Kowa ana zuwa ganin nasa, ni ba mai zuwar mini."

Ba ta yi niyyar shiga ba. Ƙafafunta ne suka tafi.

Fitilar aci-balbal tana ci a kusurwa. Ɗakin ya fi yadda yake daga waje girma, bangonsa kuma babu masaka tsinke. Tasoshi masu tsatsa, ƙore masu zane, tsofaffin kalandu, duk an goge su an jera. Ga hotunan biki birjik. Ta gane maƙwabciyarta, ta gane mai kantin bakin titi da matarsa. Sai dai wani abu bai yi daidai ba. Mai ɗaukar hoto yakan ce a dube shi, amma a nan babu mai duban kowa. Ango da amarya, 'yan rakiya da yara, kowa ya sunkuyar da kai.

"Duk abin da aka ji kunyarsa a garin nan wurina yake zuwa," in ji matar. "Ba na sata. Kawo mini ake yi."

Ta ɗaga fitilar.

A tsakiyar bango, inda ya fi ko'ina daraja, ga fayafan Inna. An wanke su, an jera su daga babba zuwa ƙarami, jerin da ya fi na Haulatu kyau. A ƙarƙashinsu an kafa wata doguwar ƙusa, babu komai a jikinta.

"Na daɗe ina jere, ban taɓa samun irin waɗannan ba. Dubi ɗinki, ko ruwa ba zai ratsa ba. Wadda ta yi wannan da wani a ranta ta yi." Matar ta juyo wajen Haulatu. "Wa ya ɗinka?"

Daga baya Haulatu ta so ta ce wa kanta ɓoye Inna ta yi niyyar yi. Ba haka ba ne. Harshenta ne ya bi hanyar da ya saba.

"Ban sani ba. Wata tsohuwa ce."

"Ba ki san ta ba?"

Haulatu ta girgiza kai.

"Ashe ba ta da kowa," in ji matar, da murya mai daɗi. "Abin da ba shi da mai shi kuwa nawa ne. Hannun da ya yi wannan aiki ai bai kamata a bar shi a ƙauye ba."

Matar tana tsaye a bakin ƙofa. Ƙusar tana can ƙarshen ɗaki. Ba ta matsa ba, amma hannunta ya fito daga cikin zane, ya miƙe, ya yi ta miƙewa, ya wuce ta gefen kunnen Haulatu da sanyi kamar randa, ya je ya shafa ƙusar.

Fitilar ta yi ƙasa.

"Uwata ce," Haulatu ta ce. Da ƙyar ta ji kanta.

"Me kika ce?"

"Uwata ce. Ita ta haife ni. Ni ta ɗinka wa. Nawa ne, ni na zubar."

Matar ta yi dariya a cikin zane, dariya marar sauti.

"Kin ɗan makara, amarya. Ai har na je na dawo."

Haulatu ta dubi ƙusar.

Yanzu akwai abu a rataye. Basilla ce, an naɗe gindinta da jan tsumma. Ta san tsumman. Gefen tsohon ɗankwalinta ne na yarinta.

Basillar tana lilo.

Can nesa ladani ya ɗaga murya. Haulatu ta buɗe baki za ta karanta Ayatul Kursiyyu, ayar da ta rataye da ruwan zinare a ɗakinta, sai ta tarar ta sarƙe mata. Ta koma farko. Ta sake komawa. A haka ta daka tsalle ta fara fizgar fayafan tana cusawa a buhu.

Hotunan suka fara motsi a bango.

Kawunan suna ɗagowa.

Ta nufi ƙofa. Matar ba ta kauce ba, kuma Haulatu ba ta buge kowa ba, sanyi kawai ta ratsa. Asabari ya kaɗe ta a fuska. Wani abu ya damƙi hijabinta ta baya.

Ta ja. Ya riƙe.

Ta sunkuya ta zame daga ciki, ta faɗa cikin toka, ta tashi da buhun a ƙirji.

Sau ɗaya ta waiwaya. Babu ɗaki. Tsamiya ce da juji, da hijabinta yana reto a wani reshe da ko mai tsani ba zai kai ba.

Haka ta ratso unguwa, kai ba lulluɓi, fuska duk toka, maza suna alwala a ƙofar gidaje suna kau da ido. Mansur ya ga halin da take ciki, ya yi mata tofi ya ƙyale ta. Kafin gari ya waye ta sauke firam ɗin nan, ta bar na aya kaɗai, ta mayar da fayafan. Ƙaramin cikinsu ne babu, shi ta baro. Sauran kuma duk wankin da ta yi musu ƙamshin turaren bai fita ba.

Da hantsi motar Baure ta sauke Inna Kulu. Ta shigo da sallama, ta zauna a bakin tabarma kamar baƙuwa. Ta ɗaga kai ta dubi bango, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ja mayafi ta rufe baki don kada a ga murmushinta. Haulatu ta durƙusa ta miƙa mata ruwa. Inna ta sa hannu biyu ta tallafi kwanon, a nan Haulatu ta ga babban yatsanta na dama da manuni sun lanƙwashe, sun bushe kamar kara.

"Inna, me ya sami hannunki?"

"Jiya ne da magariba. Wata baƙuwa ta yi sallama, ta ce daga Daura take, tana son ganin basillata. Na miƙa mata, ta haɗa da hannun ta riƙe. Ko da na ɗago ba ta nan." Inna ta kurɓi ruwa, idonta a ƙasa. "Har da wata magana ta yi. Wai kin ce ba ki san ni ba."

Haulatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Me kika ce mata, Inna?"

"Na ce ƙarya take yi. Haulatu ba za ta faɗi haka ba."

Tunda aka haife ta, ranar ce ta fara jin sunanta a bakin uwarta. Ta kifa kai a gwiwa tana kuka, Inna kuwa ta ɗauka tausayin hannun ne, har tana cewa ai ba ya ciwo.

Kulu ba ta ƙara ɗinka faifai ba. Gurbin ƙaramin yana nan a bango, Haulatu ba ta rufe shi da komai ba. Duk wadda ta shigo ɗakin, tun kafin ta tambaya, Haulatu take nuna jeren ta ce, "Innata ce ta ɗinka." Har yau in ta faɗa ba ta iya ɗaga kai.