Baƙin da Ba Sa Son Fifita

Can a wani gari, ruwan wanke injuna ya tsiyaye cikin fadamar wani manomi, ya zama guba. Wata tsohuwa ta ce masa, "Akwai ƙananan halittu ƙarƙashin taɓo masu cinye gubar nan. Zuba musu maɗi, ka rufe. Ba sa son iska."

Shi kuwa ya ga abin kunya ne baƙi su kwana ba gaisuwa. Ya zuba maɗin ya rufe, amma kullum sai ya tone, ya ce, "Sannunku da aiki," ya yi musu fifita. Kullum ya tone, kullum ya fifita. Guba tana nan daram.

Tsohuwa ta ƙwace maficin, ta ce, "Ɗan nan, kashe su kake yi."

Ya rufe ramin. Shekara na zagayowa fadama ta gyaru. Har yau yana gaishe su, amma daga nesa, cikin raɗa.