Gadon da Babu Ƙusa a Jikinsa

Ku rage fitilar nan. Ke Hajo, sauke ƙanenki daga cinya ki kai wa uwarsa, wannan ba labarin da ake yi da jariri a kusa ba ne. Kai kuma Mati, in ka san za ka jiƙa mana tabarma irin ta ranar nan, tashi tun yanzu.

To. Kun san Baba Delu ta bayan masallaci? Wadda kullum take zaune a bakin ƙofa ido jajur, kuna ce mata mahaukaciya? Ba hauka ba ne. Barci ne ba ta yi. Zan faɗa muku dalili yadda Innarmu ta faɗa mini, kuma daga yau kada in ƙara jin wani ya yi mata dariya.

Tun Delu tana amarya kowa ya san ta da nauyin barci. Ko ganga aka buga a kanta ba ta motsi. Mijinta Tanimu, mai gyaran keken ɗinki, yakan ce ɓarawo zai iya ɗauke ta har da gadon bai tashe ta ba. Ana ta dariya.

Sai ta haihu. Mace. Suna kwana gado ɗaya, kamar kowace uwa a garin nan. Ranar kwana goma sha tara, Delu ta farka da asuba ta tarar da 'yar a ƙarƙashin kafaɗarta. Ta danne ta cikin barci. Jikin har ya yi sanyi.

Ba wanda ya zarge ta. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Amma ba a sake tsokanarta da barci ba.

Bayan shekara biyu ta haifi namiji. Aka raɗa masa suna, amma Mantau ake kiransa, wai ko za ta manta. Ina! Ta ƙi kwanciya kusa da shi. In ta sa shi a gado, ita sai ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. A tabarma kuma ba ta yarda ba, damina ce, ga sanyin ƙasa ga kunama. Uwarta, Gwaggo Tabawa, wadda ta zo yi mata wankan jego, ta ce a ba ta shi ya riƙa kwana a wurinta.

Delu ta ce, "Inna, ke ma mutum ce. Ke ma kina juyi."

Kwana tara tana zaune, tana tsikarar cinyarta da tsinken tsintsiya. Ranar na goma ta dubi mijinta.

"Malam, ka samo masa nasa wurin kwana. Inda jikina ba zai kai gare shi ba."

Ya ce, "Laraba zan je kasuwa. Ba zan dawo hannu rabbana ba."

Shi kuwa Tanimu mutum ne mai tsirfa, aikin hannu ya ɓata masa ido. Ya ga gadon ƙarfe, ya zura hannu tsakanin sandunan, ya ce kan yaro zai maƙale. Ya ga kwandon roba mai gidan sauro, ya ture shi da yatsa ɗaya ya kife, ya ce ko kyanwa ta isa ta kifar da shi. Ya je wurin kafinta, ya shafa cikin gadon katako, tsinin ƙusa ya yage masa tafi. Haka ya yi ta zagaye har kasuwa ta watse. Babu gado.

Hadari ya haɗo. Magariba ta kawo jiki. Maimakon ya bi kwalta ya zagaya, sai ya yanke ta Kurmin Ƙirya. Shi kaɗai, a kan babur.

A tsakiyar kurmin babur ya mutu.

Ya buga. Shiru. Ya sake bugawa. Shiru. Sai a lokacin ya lura. Damina ce, ga ruwa kwance hagu da dama, amma ko kwaɗo ɗaya ba ya kuka.

Sai ya ji ƙiiƙ. Ƙiiƙ. Ƙiiƙ.

A gindin wata ƙirya wata tsohuwa tana zaune, lulluɓe da baƙin mayafi har ƙasa. A gabanta ɗan ƙaramin gado ne, tana jijjiga shi da yatsa ɗaya. Babu kowa a ciki.

"Mai babur, sannu da hanya."

Tanimu ya waiwaya, don a ƙeyarsa ya ji muryar. Babu kowa a baya. Matar tana gabansa.

Ta ce, "Ba ka samu ba."

"Me fa, Baba?"

"Wurin kwanan yaro."

Da mai hankali ne, da ya tambaye ta wa ya gaya mata. Shi gadon yake kallo. Baƙin ice ne, sumul, sandunan a matse, ƙafafun a buɗe yadda ba zai kife ba. Ya durƙusa ya shafa ciki da waje. Ko ƙusa ɗaya babu. Ice ne ya riƙe ice.

"Baba, na jikanki ne?"

"Na ɗana ne. Ya tashi ya bar shi. Ɗauka."

"Haka kawai?"

"Uwarsa tana son barci. Ta yi barcinta. In ya rufe ido ni zan riƙe mata shi. Ka yarda?"

Ya ɗauka irin fatan alheri ne na tsofaffi. Ya ce, "Na yarda, Baba. Na gode."

Ya ɗaure gadon a baya. Bugu ɗaya babur ya tashi. Ya ɗan yi gaba, sai ya duba madubi. Ta miƙe tsaye, mayafin ya ɗage. Fuskarta tana kallonsa, amma yatsun ƙafarta kurmi suke kallo. Dudduge ne a gaba.

A nan nake jin haushin Tanimu, Allah ya jiƙansa. Ya gani. Da idonsa ya gani. Wuƙa tana aljihunsa, igiya ce kawai zai yanke. Amma ya tuna idanun Delu, ya tuna alkawarinsa. Sai ya kawar da kai daga madubin, ya ƙara wuta.

Delu ta yi murna har da hawaye. Gadon ya zauna daidai kusa da nata. Gwaggo Tabawa ce kawai ta sunkuya ta shinshina shi, ta ce warin tsohuwar rijiya yake yi. Ta shimfiɗa tsumma, ta ɗauko 'yar wuƙa ta tura ta ƙarƙashin shimfiɗar, wajen kai. Kun san haka ake yi wa jariri, saboda mutanen ɓoye ba sa son ƙarfe.

Daren nan Delu ta miƙe ƙafa ta yi barci, karo na farko tun da ta haihu.

Da asuba Tanimu ya fito alwala, ya tarar da wuƙar a waje, a bakin ƙofa. Ya ɗauka. Sanyi ƙarara.

Gwaggo Tabawa ta ce, "Wa ya fitar da wannan?"

Ya leƙa ɗaki. Delu tana ta barci, fuskarta a sake. Ya ce, "Ni ne, Inna. Tsoro nake kada ta yanke shi."

Sau uku Gwaggo Tabawa tana mayarwa, sau uku ana tarar da ita a waje, sau uku yana cewa shi ne. Tsohuwar ta ce, "To, ɗanka ne," ta mayar da wuƙarta ɗakin girki.

Mantau ya zama yaron kirki, in ji mutane. Ba kuka, ba rigima. Ranar farko ya kai hantsi yana barci. Washegari azahar. Bayan mako ɗaya sai la'asar yake buɗe ido. In Delu ta ba shi nono ya kau da kai, amma cikinsa a cike yake, bai rame ba.

Wata rana Gwaggo Tabawa tana yi masa wanka, sai ta tsaya.

"Delu, kin goya shi yau?"

"A'a, Inna. Tun jiya yana gado."

"To wannan fa?"

Shatin majanyi ne a cinyoyinsa. Sabo. Ƙirjinsa da ɗumi, da ɗan gumi, kamar yanzu aka sauke shi daga baya.

Daga ranar bai sake farkawa ba. Suka cire shi daga gadon. Suka kai shi asibiti, aka duba aka ce numfashi lafiya, zuciya lafiya. Malamai suka yi tofi, aka ɗiga masa rubutu a baki. Barci kawai.

Sai Tanimu ya fashe da kuka a tsakar gida, ya faɗi komai, har da madubin, har da wuƙar. Da magariba ya hau babur ya koma kurmin.

Tsohuwar tana nan a gindin ƙiryar. Wannan karon a tsaye, da goyo. Yaron ido biyu, yana wasa da bakin mayafinta, yana ɓangala dariya. A wuyan hannunsa ga jan zaren da Delu ta ɗaura wa Mantau ranar suna.

Tanimu ya zube a taɓo. "Baba, ki yi wa Allah."

Muryar ta fito daga ƙeyarsa. "Kai ka yarda."

"Ban sani ba."

"Ka ga ƙafafuna."



Ta ce, "Ba ya jin yunwa a wurina. Amma yakan juya kai yana neman warin uwarsa. Zan sake shi sau ɗaya. Ku mayar da shi gadon, ta nan zai zo. In ya buɗe ido, ta ɗauke shi, ta sa wa gadon wuta, ya zama naku. In ya yi kuka ba a ɗauka ba, zai dawo inda ake ɗaukarsa."

"Yaushe?"

"Ran da na ga dama. Kuma uwarsa kaɗai. In da wani ido a ɗakin ba zai zo ba."

Kun ji muguntar? A duk matan duniya, Delu aka ce ta yi gadi.

Aka mayar da shi gadon. Delu ta shiga ɗaki da kwalbar kalanzir da ashana, ta rufe ƙofa. Ta tauna goro har bakinta ya mutu. Ta tsoma ƙafafunta a ruwan randa. Ta ɗaure jelar kitsonta da igiya a jikin azara, yadda in ta yi gyangyaɗi za a fizge ta. Ta zura hannu ɗaya cikin gadon. A waje Gwaggo Tabawa da Tanimu suna karɓa-karɓa, suna buga ƙyaure.

"Delu?"

"Na'am, Inna."

Kwana ɗaya. Biyu. Uku.

"Delu?"

"Ina nan."

Ranar na huɗu muryarta ta dishe. Ranar na biyar tana amsawa da buga kwano. A daren ne aka yi ruwan da ya rushe katangar masallaci. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, rufin kwano yana ƙara, ko tsawa da ƙyar ake ji. Suna buga ƙyaure, ba su san ko ta amsa ko ba ta amsa ba. Buɗewa kuma ba dama.

Da asuba ruwa ya ɗauke. Gwaggo Tabawa ta kira sau uku. Shiru. Tanimu ya ɓalle ƙofar.

Kan Delu yana kife a bakin gadon. Igiyar tana lilo a sama, da jelar kitson a jiki, ta tsinke tun daga tushe. Ko wannan bai tashe ta ba. Hannunta yana cikin gadon.

Mantau ya riƙe yatsanta. Gam. Tsummansa ya ture shi da ƙafa har ƙasa. Bakinsa a buɗe, hawaye layi biyu a kumatunsa, ko bushewa ba su yi ba. Idonsa a rufe.

Ya zo. Ya yi kuka. Ya samu yatsan uwarsa ya ja, ya ja. Ba ta farka ba.

Da aka tashe ta, ta rantse ba ta fi ƙiftawar ido ba.

Ya yi numfashi har la'asar. Sai ya daina.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Tanimu ya jawo gadon tsakar gida, ya juye masa kalanzirin nan, ya ƙyasta ashana. Na so a ce ya ƙi ci, ko ya yi ƙara. Bai yi komai ba. Ya ci wuta kamar kowane ice. Delu ta fito da gudu tana kwasar garwashi da hannu.

"Malam, me ka yi? In ta sake shi, ta ina zai dawo?"

Ita ce maganar ƙarshe da ta yi masa. Tanimu ya yi ta komawa kurmin har ƙarshen ransa, bai sake ganin kowa ba. Makiyaya dai sun ce in suka makara a wurin, sukan ji jariri yana dariya, kullum jariri, bai girma ba.

Ita kuwa Baba Delu, gobe in kun wuce ku dubi hannunta na dama. Duk yatsun a dunƙule suke, ban da ɗaya. A miƙe take barinsa. Akwai ashana a ƙulle a bakin zanenta. Babu gado, babu ta inda zai dawo, ta sani sarai. Amma ta ce in ya zo wannan karon zai same ta ido biyu.

Saboda haka ku ji ni da kyau. Kada wanda ya bi Kurmin Ƙirya shi kaɗai, ko da rana tsaka. In baƙo ya ce maka ka yarda, dubi ƙafarsa kafin ka buɗe baki.

Hajo, tashi ki leƙa ƙanenki. Kada ki tsaya kallo daga bakin ƙofa. Taɓa shi, ki ga ya motsa.