Shirun Kausar

"Wallahi Abban Kausar ba zan iya ba! Ka cire kayanta daga akwati, ko faɗa mini ba ka yi ba?"

Lauratu ce tsaye a tsakiyar ɗaki, rigar sanyin 'yarta a hannu. Gobe za su bar Funtua su koma Turkiyya, inda mijinta Almustapha yake karatu.

"Rage murya, Hajiya na tsakar gida..." Ya matso kusa da ita. "Laure, ki dubi yarinyar nan. Tunda aka sa ta makaranta a can ba ta taɓa buɗe baki a aji ba. Malamarsu ta kira ni har ta gaji. Nan kuwa kin ga yadda take tsalle da yaran gida. Hajiya ta ce a bar mata ita, ni kuma na ce to."

"Ka ce to..."

Sai ta zauna a bakin gado. Gidansu na can ne ya faɗo mata a rai, ɗan matsattsen wuri a saman bene. Shi ya fita tun safe, sai bayan magariba. Ita ko shago ba ta iya zuwa, don ba ta jin abin da ake faɗa. In ba Kausar ba, wa zai ce mata ko da sannu? Amma ta yaya za ta dubi uwar mijinta ta ce a'a? Kuma idan gaskiyarsu ce fa, ƙasar ce ke cutar mata da yarinya?

"Lauratu! Ku fito ku duka!" Muryar Hajiya ce.

Lauratu ta miƙe. Shi ke nan, an ji ta.

Suka tarar da Hajiya a kan tabarma tana juya masara a kurfoti, Kausar, 'yar shekara bakwai, ta lafe a jikinta.

"Ƙawata, maimaita musu abin da kika faɗa mini."

Kausar ta sunkuyar da kai. "Ina jin yarensu. Har waƙar ajinmu na iya."

Almustapha ya zaro ido. "Kina ji? To me ya hana ki magana?"

"Idan na yi ƙawaye, za su ce in riƙa zuwa gidansu..." Ta saci kallon uwarta. "Umma kuma ita kaɗai ce. Kullum na dawo tana bakin taga, idonta ya yi ja. Har tsohuwar nan maƙwabciyarmu tana ƙwanƙwasa ƙofa da faranti, sai Umma ta ce in yi shiru har ta tafi."

Lauratu ta toshe baki da mayafi, kuka ya ƙwace mata. Ita da take ganin ta iya ɓoyewa!

Hajiya ta ajiye mafici, ta dubi ɗanta.

"Kai yanzu ka ɗauko 'yar mutane daga garin Dayi, gidan da ko tsakar rana ba ya rabuwa da hayaniya, ka kai ta ƙasar da ba ta san kowa ba, ka rufe ƙofa ka tafi karatu? Yarinya ƙarama ta lura, kai ba ka lura ba?"

"Hajiya, ban sani ba wallahi..."

"Ai ba ka tambaya ba." Ta juya ga Lauratu, muryarta ta yi laushi. "Ke kuma 'yar nan, mai kawo miki faranti ba cinye ki za ta yi ba. Ki buɗe, ki karɓa, ki mayar mata da dambu. Ko da hannu ne ku yi hira."

"Tsoro nake ji, Hajiya... kar in yi kuskure su yi mini dariya."

"Su yi mana! Ke ma ki yi musu."

Hajiya ta shafa kan jikarta, idonta ya ciko. Ta riga ta sa an ɗinka wa yarinyar kayan makaranta, har katifa ta saya mata.

"Lauratu, je ki mayar mata da kayanta cikin akwati, tun kafin zuciyata ta canja."

A ɗaki, Almustapha ya durƙusa a gaban matarsa, ya riƙe hannayenta.

"Ki yafe mini, hasken raina. Akwai ajin koyon yare kusa da makarantar Kausar. Da kaina zan riƙa raka ki."

"Idan na kasa fa?"

Kafin ya amsa, Kausar ta leƙo daga bakin ƙofa, guntun masara a hannunta.

"Ni zan koya miki, Umma. Amma fa idan kika yi kuskure, sai kin maimaita!"

Lauratu ta yi dariya cikin hawaye, ta buɗe mata hannu.

"Zo mu fara yanzu. Yaya ake cewa na gode?"