Wanda Ya Taka Ƙafar Lama

Sufeto Gantulga bai gama shan shayinsa mai gishiri ba aka bugo waya daga kwarin Tsagaan Khad cewa an sace Uwa Tara daga gidan ibada. Mutum-mutumi ne na tagulla da bai kai tsawon kamu ɗaya ba, amma babu makiyayin kwarin da bai taɓa ɗora goshinsa a ƙafarta ba.

Kafin ya iso, sajan yankin ya riga ya gama nasa binciken, irin binciken da ake gamawa tun ba a fara ba. Ya kama Purev, direban tsohuwar motar Rasha da ta kawo 'yan yawon buɗe ido daga Koriya, ya kulle shi a ɗakin itacen wuta.

"Ya taɓa zaman kaso kan satar doki, yallaɓai," in ji sajan, yana murmushin wanda ya taki sa'a. "Ga shi ya kasa faɗin inda yake jiya da yamma. An caje jakunkunan baƙin kaf, babu komai. Gobe da sassafe za su kama hanyar Ulaanbaatar, jirginsu na jira."

Gantulga ya san in baƙin nan suka tafi, maganar ta ƙare a kan Purev, kuma mai tsohon laifi da aka samu da satar kayan tarihi ba ya fitowa sai da furfura. Shi kuwa mutum ne da ba ya yarda da abin da ya zo da sauƙi, ko da nama ne a cikin miya.

Ya fara da Lama Sodnom, tsohon malamin gidan ibadar da ke kula da fitilun man shanu. Idanunsa sun daɗe da mutuwa, amma yana yawo a cikin ɗakin ibadar kamar mai gani.

"Malam, kana ina lokacin da aka ɗauke ta?"

"Ina nan zaune bayan ginshiƙi, ɗana. Sauran lamomi sun tafi yi wa wani mamaci addu'a. Ka ga wurin nan ko da rana duhu ne. Na ji mutum ya shigo a hankali, na ɗauka mai ibada ne. Da zai fita da sauri sai ya taka mini ƙafa."

"Ya yi magana?"

"Ko uffan. Hannuna kawai ya kama, ya matsa, ya saki, ya fice."

Sajan ya daki cinyarsa. "Ka ji ko, yallaɓai? Namu ne. Wane baƙo ne ya san in ka taka ƙafar mutum sai ka kama hannunsa?"

Gaskiyarsa ce a nan. Tun yaro yana rarrafe ake koya masa haka, don wanda aka taka ya san ba da gaba aka yi ba, har hannu ya riƙa tafiya da kansa kafin kai ya yi tunani.

"Yaya hannun yake, Malam?" in ji Gantulga.

"Mai laushi," in ji tsohon. "Abin da zan iya faɗa ke nan."

Gantulga ya lura bai ce abin da ya sani ke nan ba.

A ɗakin itace ya tarar da Purev zaune a kan kututture, ƙato guda, idanunsa sun yi ja.

"Kawo hannunka."

Purev ya miƙo. Tafin ya yi kanta kamar tsohon takalmi, ga baƙin mai a ƙarƙashin kowane farce.

"Ina ka je jiya da yamma?"

"Gyaran mota, yallaɓai."

"Motar da sajan ya ce ya tarar da ita ƙalau, tana sheƙi? Purev, ni ba baƙonka ba ne da za ka nuna wa tumaki ka ce barewa ce. Me ya sa rigarka take warin ƙonannen gashi?"

Purev ya sunkuyar da kai. "Tarbaga na harba a bayan dutse, na babbake ta," ya ce a hankali. Ƙaton ɓeran dajin nan yake nufi, wanda hukuma ta hana farauta amma babu wanda ya daina ci. "In na faɗa, za a ƙwace bindigar surukina. Yallaɓai, na rantse da mahaifiyata, doki na taɓa sata, ban ƙi ba. Amma Uwa Tara? Ita ce fa aka kai 'yata gabanta lokacin da ta yi zazzaɓin nan. In aka sake rufe ni, yarinyar za ta girma tana jin ubanta ɓarawon gidan ibada ne."

"Akwai wanda ya gan ka a bayan dutsen?"

"Tarbagar kawai."

"Ita kuma ka cinye ta," in ji Gantulga, ya fita.

Khulan, budurwar da ke yi wa baƙin jagora da tafinta, tana tsaye a jikin mota tana murza wayarta.

"Ƙanwata, ina baƙinki suke jiya da yamma?"

"Duk muna gidan Inna Dulmaa, yaya, suna kallon tatsar goɗiya."

"Duk?"

"Duk."

"To zan tambayi Inna Dulmaa, ta ƙirga mini su."

Khulan ta daina murza wayar. "Ban da Mista Han. Ya ce nonon goɗiya ya ɓata masa ciki, ya koma masauki ya kwanta. Ai ba a so jagora ta bar baƙo shi kaɗai, yaya, korata za a yi. Kuma mutumin ko gaisuwa bai iya da yarenmu ba. Kullum sai ya gwara kai a ƙofar ger, tantin makiyayan, 'yan uwansa suna ta yi masa dariya."

"Kin koya musu maganar taka ƙafa da kama hannu?"

"Na koya musu kada su taka dokin ƙofa, su kuma karɓi abu da hannun dama. Wannan ban ma tuna da ita ba."

"Shi Han ɗin ya tambaye ki wani abu yau?"

Ta yi ɗan tunani. "Sau biyu ya tambaya ko gobe za mu tsaya a ovoo na bakin kwari. Ya ce hoto yake so ya ƙara."

Gantulga ya juya ya dubi tudun. Daga nan ana hango ovoo ɗin a samansa, tarin duwatsu mai alfarma, shuɗɗan ƙyallayen da matafiya suka ɗaura suna kaɗawa a iska.

Inna Dulmaa tana bakin ger ɗinta tana juya busasshen cuku a rana. Sai da ta cusa masa kwanon shayi a hannu kafin ta yarda ya buɗe baki.

"Inna, baƙon nan da ciki ya ɓaci, kin gan shi?"

Ta kwashe da dariya har ta riƙe ƙugu. "Cikin wa? Ɗana, na yi shekaru ina ba baƙi nonon goɗiya. Kurɓa ɗaya suke yi, su yatsine fuska, su ruga bayan garke. Wannan kuwa da farko ya yi ta yatsina a gaban mutanensa. Da suka fita kallon doki, na leƙo ɗaukar bokiti, sai na gan shi ya ɗaga kwanon ya shanye tas. Ya jawo na kindirmo ya gama da shi, sannan ya lashe kwanon da harshe, ya zagaye shi ƙal."

"Ya lashe?"

"Kamar yadda kakarka ta koya maka. Na ce a raina, ashe Koriyawa ma suna da tarbiyya."

Gantulga ya ajiye kwanonsa a hankali. Zuciyarsa ta riga ta tsaya a kan mutum ɗaya, amma lasar kwano ba hujja ba ce a gaban alƙali, fasfo kuwa hujja ne. Bai kuma isa ya sa a tone ovoo a kan zato ba, makiyayan kwarin za su cinye shi ɗanye.

Ya sa aka tara baƙin a cikin ɗakin ibada, wai za a mayar musu da fasfonsu. Lama Sodnom yana zaune bayan ginshiƙinsa yana jan carbi. An kawo Purev ma, yana tsaye a bakin ƙofa kusa da sajan.

Mista Han mutum ne mai matsakaicin shekaru, fes da shi, da tabarau da rigar sanyi mai tsada. Gantulga ya yi masa tambayoyi ta bakin Khulan, shi kuma yana jira sai an fassara kafin ya amsa, fuskarsa a sake kamar bai ji komai ba.

"Ce masa na gode, ya zo ya karɓa," in ji Gantulga.

Ya riƙe fasfon sama kaɗan, kusa da hasken fitila, ta yadda dole mutum ya ɗaga ido. Han ya matso yana kallon fasfon. Gantulga ya zura ƙafarsa gaba.

Takalmin Han ya sauka a kanta.

Kafin kowa ya ankara, hannun Han ya riga ya kama na Sufeton ya matsa.

Gantulga bai saki ba. Ya riƙe hannun gam, ya ji laushinsa, ya dubi mutumin cikin ido.

"Ba komai, ɗan uwa," ya ce da yaren ƙasa, ba tare da ya dubi tafinta ba. "Na san ba da gaba ka yi ba. Yanzu kai za ka ciro ta daga ovoo, ko sai na tara dattawan kwari a tone a gabansu?"

Han ya juya wajen Khulan kamar mai jiran fassara, amma kunnuwansa sun yi jawur. Ya buɗe baki zai yi Koriyanci.

"Dashka," in ji wata murya daga bayan ginshiƙi. "Har yanzu ba ka duba inda kake sa ƙafa."

Han ya cire tabaransa, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Malam," ya ce, da harshen kwarin tsantsa, har da karin da ba a ji sai a bakin makiyaya.

"Ka san shi tun jiya ke nan, Malam," in ji Gantulga, ransa a ɗan ɓace.

"Ni na koya wa hannun nan riƙe carbi, ga ɗan yatsan da ya karye ya warke a karkace," in ji tsohon. "Na yi shiru ne ina jira ya mayar da ita da kansa. Ban san har an kulle wani ba sai yau. Wannan nauyin nawa ne."

Sauran maganar ta fito ba tare da an matsa ba.

"Ta gidanmu ce," in ji Dashka. "Lokacin da aka rurrushe gidajen ibada ana kashe lamomi, kakana ne ya binne ta a ƙarƙashin garken tumaki, ya sa ransa cikin haɗari. A gabanta na girma, a cikin akwati, ana buɗewa a ɓoye. Da aka sake gina wurin nan, uwata ta kawo ta ta bayar, ta haɗa da ni. Rana ɗaya ta ba da mu biyu. Na gudu, na yi birni, na haye Koriya, na canja suna. Ina can uwata ta rasu, ban zo ba. Babu abin da ya rage mini na gidanmu sai ita."

"Me ya hana ka zuwa da sunanka ka roƙa?"

"Wa zai ba ni?"

"Sai ka zo da na aro, ka naɗe ta a shuɗin ƙyalle ka cusa a ovoo, don ka san babu ɗan ƙasar nan da zai ɗaga dutse daga wurin." Gantulga ya nuna bakin ƙofa da haɓa. "Ka ji lokacin da aka kama wancan mutumin? Da kunnenka ka ji, don babu kalmar da ta wuce ka."

"Na ji."

"Gobe kuma za ka hau jirgi."

Dashka ya miƙe tsaye.

Shi da kansa ya hau tudun, sajan yana biye. Sai da ya zagaya ovoo sau uku ta hannun dama kafin ya durƙusa ya janye duwatsun. Uwa Tara ta fito lafiya, ko ƙwarzane babu. Gantulga ya karɓe ta da hannu biyu, sannan ya sa aka buga wa mutumin ankwa.

An riga an saki Purev, yana jingine da motarsa yana kallonsu. Maganar tarbaga kuwa Sufeton ya ce bai ji ta da kyau ba, iska ta yi yawa.

Da aka zo wucewa da Dashka zuwa motar 'yan sanda, sai ya ja ya tsaya a gaban direban. Ya ɗaga hannuwansa biyu a cikin ankwa, ya miƙa masa.

Purev ya daɗe yana kallon hannuwan.

"Kwana nawa ina tuƙa ka, ina ɗauko maka ruwa, ina yi maka magana da hannu kamar kurma," ya ce. "Ashe kana jin duk abin da nake faɗa a kan 'yata."

"Na ji."

Kowa ya zuba ido. Purev ya ja dogon numfashi, ya sa ƙaton tafinsa ya kama hannun, ya matsa sau ɗaya.

"Don uwata ta hana ni barin hannun mutum a iska ne," ya ce. "Ba don kai ba."

Ya saki, ya goge tafinsa a wando, ya shiga motarsa ya tayar.